Rumbu Yana Tsoron Injiniya

An faɗa mini sunan injin nan ya fi sau goma, ban taɓa riƙe shi ba. Haruffa ne da lambobi kamar lambar mota. Mu dai a asibitin Rumbu muke ce masa. Wani baƙin kabad ne da ya fi mutum tsayi, a wani ɗaki mai sanyi can ƙasan gini, cike da faya-fayai jere-jere, kowanne da 'yar koriyar fitilarsa. Hoton ƙashi, sakamakon gwajin jini, fayil ɗin kowane mara lafiya, duk a cikinsa suke kwana.

Ranar Alhamis da hantsi, Injiniya mai kula da shi yana tsaye gaban teburin Manaja da takardar hutu a hannu. Manaja kuwa ya nesanta waya da kunnensa, saboda likitar ƙashi ce a ciki.

"Minti huɗu!" in ji muryar. "Minti huɗu ina jiran hoto ɗaya ya buɗe, ga mutum kwance yana kallona kamar ni na karya shi."

Manaja ya ba ta haƙuri, ya ajiye wayar. "Ka dai ji da kunnenka. Sati uku ke nan. Ba na sa hannu sai Rumbu ya warke."

"Ranka ya daɗe, gobe ƙarfe tara za a yaye 'yata Auta daga jami'a. In motar ƙarfe huɗu ta wuce ni, shi ke nan."

"To ai yanzu sha ɗaya. Ba kai ake cewa Rumbu yana tsoro ba? Je ka tsorata shi."

Maganar tsoron nan tana da tushe. Sati uku Rumbu yana ciwon da ba ya yarda a gani. Sai ya yi nauyi, a yi ta kiran waya daga kowane bene. Injiniya ya sauka, ya buɗe kabad, kafin ya gama goge tabarau komai ya dawo daidai. Ma'aikatan jinya har sun fara cewa a kawo masa gado can ƙasa. Shi kuwa sai ya ce, "Ba komai, sabo ne kawai," yana kakkaɓe ƙurar da babu ita a hannun riga. Shekara goma sha ɗaya yana tare da injin, kuma in ba a ɓoye ba, maganar tana masa daɗi.

Yana kan matakala matarsa ta kira.

"Na goge maka kaya, na sa a jaka. Kada ka ce mini inji."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na ji numfashinka. Bikin yaye babban yayanta, inji ya hana ka. Na mai bi masa, inji. Wannan ita ce ta ƙarshe, malam, ba ni da wata a ajiye."

A ofishinsu na ƙasa ya tarar da abokiyar aikinsa, wadda ake kira Antin Waya. Ita ke kula da wayoyin da suka haɗa Rumbu da manyan kwamfutocin asibitin, da akwatin da ke rarraba su, wanda suke kira suwic. Shekara takwas teburinsu na jingine da juna, kuma shekara takwas gaisuwarsu ɗaya ce.

"Wayoyinki ne," in ji shi.

"Faya-fayanka ne. Ina kwana?"

"Na bi su ɗaya bayan ɗaya, casa'in da shida. Lafiyarsu ta fi tawa."

"Wannan ai ba abin yabo ba ne." Ta juyo masa da allon kwamfutarta. "Zo ka ga wani abu, amma kada ka yi murna."

Hanya biyu ce tsakanin Rumbu da kwamfutocin, don in ɗaya ta mutu a bi ɗayar. Ta nuna masa kafa ta goma sha biyu a suwic ɗinta, inda hanya ta farko take shiga. Akwai wata lamba a gefe mai ƙirga saƙonnin da suka iso a lalace. Ta haura dubu ɗari huɗu.

"Da hanyar ta mutu gaba ɗaya da mun huta," ta ce. "Ba ta mutu ba, ba ta rayu ba. Saƙo ya zo da rauni, a ce a sake aikowa, ya sake zuwa da rauni. Shi ne minti huɗun likita."

"Ashe dai wayoyinki ne."

"Na ce kada ka yi murna. Na canza kafar ranar Litinin, matsalar ta bi ni sabuwar."

Suka sa rigunan sanyi suka shiga. Injiniya ya buɗe ƙofar gaba, ya zagaya ya buɗe ta baya, inda wayoyi suke saukowa a ɗaure tsaf kamar kitso. Anti ta ɗora kwamfutarta a kan kujera, suka zuba wa lambar ido. Lambar ta tsaya cak. Suka goge bakin wayar, suka auna hasken da ke bi ta cikinta, ya cika ma'auni. Suka tura mata kaya masu nauyi da gangan, ta haɗiye ba ko tari. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce.

"Kin gani?" in ji shi, hancinsa na yoyo don sanyi. "Ladabi."

Ta ɗauki kwamfutarta. Ta fita, shi ma ya rufe komai ya bi bayanta, ya sami shayinsa ya huce. Bai kai kofin baki ba wayar tebur ta yi ƙara: ɗakin gwaji, komai ya tsaya. Ya dubi agogo. Biyu saura kwata.

Anti ta dawo daga wajen masu gadi da takarda biyu. Ƙofar ɗakin sanyin da kati ake buɗe ta, kuma tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Ta shimfiɗa takardun ƙofar kusa da lissafin kurakuranta, ta bi su da biro.

"Ka shiga goma da rabi, ya daina. Ka fita sha ɗaya, ya fara. Talata haka, Laraba haka. Ni na shiga sau shida, bai ko kula ni ba."

"To me na ce miki?"

"Abu biyu ne. Ko inji yana ƙaunarka, wanda ni da na san ka ban ga dalili ba, ko kana yin wani abu in za ka fita. Tashi."

Suka koma. Ya buɗe kabad gaba da baya, lambar ta tsaya.

"Yanzu fita," ta ce. "Yadda ka saba. Ka ɗauka ba na nan."

"Wasan kwaikwayo za mu yi?"

"Motar ƙarfe huɗu."

Ya mayar da sukundireba aljihu. Ya rufe ƙofar gaba. Ya zagaya baya, ya tura ƙofar, ta ƙi shiga kamar yadda ta koya kwanan nan, ya sa gwiwa ya danna ta har makulli ya ce ƙas.

"Tsaya nan!" in ji Anti. Lambar tana gudu kamar mitar gidan mai. "Buɗe." Ta tsaya. "Rufe." Ta kwasa. Sau uku ta sa shi, na ukun don jin daɗinta ne kawai.

Suka durƙusa da tocila. Can ƙasa kusa da maratayin ƙofar, wata siririyar waya ruwan ɗorawa ta leƙo daga cikin kitson, ta lanƙwashe, da sawun ƙarfe a jikinta. Irin wayar nan zaren gilashi ne a cikinta, bai kai gashin kai kauri ba, haske ke bi ta ciki. In aka matse ta sai hasken ya zube a hanya.

"Wa ya yi kitson nan?" ta tambaya, ko da yake ta sani.

Ya sosa ƙeya. Sati uku da suka wuce, da aka ce manyan baƙi za su zo zagaye, shi ya ɓata Asabar guda yana tattara wayoyin yana ɗaurewa don su yi kyan gani. Ɗaurin ya yi kauri, ƙofa ta fara gardama, shi kuma bai taɓa barin ƙofa a buɗe ba a rayuwarsa. Baƙin ma ba su sauko ƙasa ba.

"Ashe da gaske tsoronka yake ji," ta ce, tana dariya har da riƙe kujera. "Kullum sai ka taka masa wuya kafin ka tafi."

"Anti, don girman Allah."

"Faɗi tukuna. Wayoyin wa?"

"Wayarki ce. Gwiwata ce."

"Na karɓa."

Suka karkatar da komai zuwa hanya ta biyu, suka zare mai raunin, suka ja sabuwa ta sama inda ƙofa ba ta kaiwa. Ya yanke rabin ɗaurinsa da hannunsa, yana ji kamar yana aske gemunsa. Ƙofar ta rufu da yatsa ɗaya. Suka mayar da lambar sifiri, suka jira minti ashirin a waje. Sifiri.

Uku da kwata yana gaban Manaja. Ya shirya maganarsa tun daga matakala. "Ranka ya daɗe, gaskiyar magana, laifin..."

Waya ta katse shi. Likitar ƙashi ce: hoto yana buɗewa kafin ta ɗage yatsa, me aka yi masa? Manaja ya ja takardar hutun ya sa hannu, wayar na maƙale a kafaɗarsa. "Na san halinka," ya ce. "Sai an matsa maka kake nuna kai waye. Gaishe da Auta."

Injiniya ya duba, bai ga inda zai saka sauran maganar ba, ya mayar da ita aljihu tare da takardar.

Kafin ya fita ya bar wa Anti shafi uku na abin da za a yi in Rumbu ya motsa, da lambobinsa biyu, da ta matarsa, da ta Auta. Ya sami motar ana rufe but. Matarsa ta riga ta kama masa kujerar taga, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Inji ya ba ka izini?" Ya ce ya bayar. Washegari da aka kira sunan Auta ya miƙe yana tafi da hannu ɗaya a cinya, ɗayan na riƙe da waya, ko za a neme shi. A wajen ɗaukar hoto ma sai da Auta ta ce, "Baba, sa ta a aljihu mana, ni ce na gama, ba ita ba."

Kwana tara ya yi a hutu. Kowace safiya yana cika wayar da caji, yana duba ko tana da sabis. Babu wanda ya kira shi.