Igwar Gwamnati, Albarushin Nardu

Igwa huɗu ne a kan ganuwar da ke kallon bakin tashar jiragen ruwa, kuma duk tsibirin babu wanda ya san halinsu kamar Samanja Wistin Tabone. Turawan Ingila ne suka bar su lokacin da suka tattara komatsansu, ba don kirki ba, don sun yi musu nauyi. Shekara talatin da ɗaya Wistin yana shafa musu mai. Bai taɓa harbin kowa da su ba, ba a kuma taɓa sa ran zai yi ba, domin tsarin mulki ya faɗa ƙarara cewa ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce, ba ta shiga faɗan kowa. Aikin igwar gaisuwa ne kawai. In jirgin yaƙin wata ƙasa ya shigo ziyara ya yi harbin girmamawa, sai ganuwa ta mayar masa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma harkarsa.

Duk shekara idan lokacin kasafi ya zo, sai wani ɗan majalisa ya tuna da su, ya tashi ya tambayi abin da ƙasar da ba ta da abokin gaba take yi da igwa. Sai wani ya amsa masa da tarihi. Sai a tashi cin abinci. Bana kuwa abin ya wuce haka, an kafa kwamiti, kwamitin kuma ya dakatar da sayen albarushi har sai ya gama nazari. Wata bakwai ke nan yana nazarin.

Ranar Litinin Kanar Sammut ya kira shi ofis. Ya tarar da shi yana cin pastizzi, gasasshiyar fulawar nan mai cuku a ciki, a cikin takarda, ɓarɓashin yana zuba a kan fayil.

“Zauna, Samanja. Ran Alhamis muna da baƙi. Jirgin yaƙi, ziyarar zumunci. Zai yi harbi ashirin da ɗaya. Ƙunshin albarushi nawa ya rage maka?”

“Sha shida, yallaɓai.”

“Ka ƙirga da kyau?”

“Kullum safiya nake ƙirgawa. Ba sa haihuwa.”

Kanar ya karkaɗe yatsunsa. “Minista zai zo da kansa, da 'yan kwamiti duka. In aka yi mana ashirin da ɗaya muka mayar da sha shida, mun zagi ƙasa guda a bainar jama'a. Kwamiti kuma ya samu abin da yake nema. Za su rufe ganuwar, su sayar da ƙarfen, kai kuma ka ƙarasa shekara biyun da suka rage maka a gida kana ba tsuntsaye ruwa.”

“To a sa mini hannu in sayo biyar.”

“Ba ni da wannan hannun. Na sama da ni ma ba shi da shi.” Ya ɗauki wani pastizzi ya dube shi kamar a ciki amsar take. “Kai ɗan Hal Sarrun ne, ko? Ban ce komai ba. Kar ka gaya mini komai.”

Wistin ya fahimta, ya kuma ji gajiya ta sauko masa tun daga wuya. Ba wani abu yake nema a duniya ba illa ya kai ranar ritayarsa yana soja, igwarsa na cikin jerin kayan runduna, ya miƙa makullin rumbu ga na baya da shi, ya sara, ya tafi.

Hal Sarrun ƙauye ne mai mutum dubu uku, da coci biyu, da waliyyi biyu, da ƙungiyar badujala biyu waɗanda kakanninsu suka ɓata tun kafin a kawo lantarki. 'Yan Kurciya launinsu rawaya, 'yan Dabino kore. Kowace ƙungiya tana da rumfarta a bayan gari inda ake shekara ana haɗa wasan wuta don bikin waliyyinta, kuma kowa ya san albarushin da ke cikin rumfa ɗaya ya fi na rundunar ƙasar gaba ɗaya. Wistin haifaffen gidan Dabino ne, ya auri Dolor 'yar gidan Kurciya. Shekara ashirin da takwas, duk ranar bikin ɗaya daga cikinsu sai ya sa sunansa a aikin gadi. A gidansa ya fara koyon zaman ba-ruwanmu, kuma ya fi gwamnati iyawa.

Da ya isa ƙauyen, ya tarar da Nardu, ƙanin Dolor, zaune a inuwar katangar dutse a gefen rumfar Kurciya, yana cin burodi da tumatir da man zaitun. Yatsu bakwai suka rage wa Nardu, yana kuma alfahari da ukun da suka tafi fiye da waɗanda suka zauna.

“A'a! Rundunar ƙasa da kanta!” in ji Nardu. “An kawo mana hari ne, ko Dolor ce ta kore ka?”

“Ƙunshi biyar nake so. Na igwa.”

Nardu ya ajiye burodin, ya yi dariya har da tari. “Maimaita, don Allah, kunnena na hagu ya mutu. Gwamnati ce ta aiko ka bara wurin Kurciya?”

“Babu wanda ya aiko ni.”

“Ka je wurin danginka mana, 'yan kore. Au, na manta, nasu ba ya tashi. Bara da suka kunna na ƙarshe na ɗauka wani ne ya yi atishawa.”

“Nardu, na gaji. Za ka yi ko ba za ka yi ba?”

“Zan yi, mijin yaya, zan yi. Wa zai bar ƙasarsa ta ji kunya?”

Wistin ya zana masa girman ƙunshin a bayan takardar burodi. “Ƙara kawai, da farin hayaƙi. Ba ado, ba tartsatsi, ba komai. Irin na gwamnati sak.”

“To wa zai san namu ne?”

“Babu. Abin da ake so ke nan.”

Nardu ya yi shiru. Ya dubi rumfar, ya dubi yatsunsa. Tun da aka kafa ta, ko ɗan abin fashewa na yara bai taɓa fita daga ƙofar nan ba tare da alamar Kurciya ba, don kada 'yan Dabino su wayi gari su ce aikinsu ne. Wistin ya san wannan sarai. Amma yana sauri, rana tana dukansa, ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

“Fari,” ya sake cewa.

“Ka zo ran Laraba,” in ji Nardu.

Ran Laraba ya karɓi ƙunshi biyar, ɗinkinsu tsaf, nauyinsu daidai. Ya so ya gwada ɗaya, amma in ya gwada saura huɗu. Ya jera su a ƙarshen layi, bayan na gwamnati.

Alhamis da hantsi aka jera kujeru a kan ganuwa. 'Yan kwamiti su shida suka zauna da tabarau da fayil a cinya. Minista ya zo a makare, sanye da farar kwat. Shi ma ɗan Hal Sarrun ne, uban ƙungiyar Dabino, shi ya saya musu sababbin kakaki bara. Ya gaisa da Wistin da hannu biyu.

“Ɗan gidanmu,” ya ce. “Duk da dai ka yi aure a waje.”

Jirgin ya shigo, toka-toka, tsawonsa ya kusa rabin tashar, ma'aikatansa jere a fararen kaya. Ya yi nasa ashirin da ɗaya. Wistin ya ɗaga hannu, Kofur Leli da sauran mutum uku suka tsaya a bayan igwa.

“Ta ɗaya, harba!”

Ganuwar ta girgiza, tantabaru suka watse. Wistin yana ƙirga daƙiƙa biyar a zuci tsakanin kowane harbi, kamar yadda aka koya masa yana ɗan shekara ashirin da uku. Goma. Sha biyu. Farin hayaƙi yana tafiya kan ruwa a natse. Sha shida. Ya ji kafaɗunsa sun ɗan sauka.

Na sha bakwai ya fi duk na baya ƙara. Ya fito rawaya.

Ba rawaya mai kunya ba. Rawaya zalla kamar ƙwanduwar ƙwai, dunƙule guda, ya tashi ya buɗe a saman tashar. Kofur Leli ya juyo da baki buɗe, igiyar harbi a hannunsa.

“Samanja…”

Daƙiƙa biyar Wistin yake da su. In ya tsaya a sha bakwai, ya zagi ƙasar da ke da jirgin da zai iya share tsibirin kafin azahar. In ya ci gaba, zai zagi Minista sau huɗu a jere, a gaban kwamiti, da igwar gwamnati. Ya ga bayan wuyan Minista ya soma ja. Ya tuna abin da aka ɗauke shi aiki ya yi: a mayar wa baƙo gaisuwarsa cif.

“Ta biyu, harba.”

Sha takwas. Sha tara. Iskar teku, wadda duk safiya take kaɗawa waje, ta zaɓi wannan lokacin ta juyo. Hayaƙin ya dawo kan ganuwa ya lulluɓe kujerun, 'yan kwamiti suna tari suna kare fayil. Ashirin. Ashirin da ɗaya. Wistin ya ƙame ya sara. A can kan jirgin, kyaftin ɗin baƙi ya sara shi ma, da alama ya ɗauka al'adar ƙasar ce. Daga nesa kuma, ta wajen tuddai, aka jiyo ƙararrawar cocin Kurciya tana bugawa ba ƙaƙƙautawa. Ashe Nardu ya tara mutane a kan rufin gidaje tun da sassafe.

Minista ya miƙe. Farar kwat ɗinsa ta koma kalar kabewa. Ya sauka matakala.

A gida Dolor ta zuba masa miyar zomo, tana ta ƙoƙarin haɗe dariya.

“Ka ci mana. Ai an ce ya yi kyau daga nesa.”

“Na ce masa fari.”

“Kai ma dai, Wistin. Shekara nawa kana cikinmu? Ka ce wa Nardu ya yi aikin da ba za a san nasa ba ne? Ai gara ka ce ya ba ka sauran yatsun.”

Kwamitin da ya yi wata bakwai yana nazari ya gama cikin kwana tara. Kanar Sammut ya sake kiransa. Wannan karon babu pastizzi.

“Albishirinka, Samanja. Ba za a sayar da igwarka ba.”

Wistin bai ce goro ba. Ya jira.

“'Yan Dabino sun kai ƙara. Sun ce an yi amfani da makamin ƙasa an goyi bayan ɓangare ɗaya, wanda ya saɓa wa matsayinmu na 'yan ba-ruwanmu. Lauya uku suka sa hannu. Sun ce ba za su yarda a rufe ganuwa ba sai an harba musu kore biyar. 'Yan Kurciya suka ce in aka yi haka su ma sai an ƙara musu. To an samu mafita.” Ya juya takardar. “Kullum da tsakar rana za a yi harbi ɗaya. Yau rawaya, gobe kore. Ƙungiyoyin ne za su ba da albarushi kyauta, har rige-rige suke. Hoton ran Alhamis ya zaga duniya, masu otal sun ce baƙi suna tambaya.”

“To ai shi ke nan, yallaɓai.”

“Da saura. Igwar da ke harba launi ba makami ba ce. An cire su daga jerin kayan runduna, an mayar wa ma'aikatar yawon buɗe ido. Kasafin tsaro ya ragu, Minista zai sanar a majalisa, za a tafa masa.” Kanar ya cire tabarau ya murza idanu. “Sashenka ya rushe daga ƙarshen wata. An yi maka ritaya. Ba hukunci ba ne, an ce in jaddada maka. Masu yawon buɗe ido kuma suna neman wanda ya san igwar. Da kai da Leli. Akwai kayan da za ku riƙa sawa.”

“Wane irin kaya?”

Kanar bai ɗago ba. “Na zamanin da.”

Ran ɗaya ga wata Wistin ya ninke kakinsa ya sa a ƙasan akwati, Dolor ta zuba masa ƙwayoyin maganin asu. Babu wanda ya karɓi makullin rumbu daga hannunsa, don babu na baya da shi. Ya hau ganuwa sanye da jar kwat mai maɓallan tagulla wadda ta matse shi a hammata, da doguwar hula mai gashin tsuntsu. An ɗaura igiya, bayanta mutum kusan ɗari, jajaye da rana, kowa ya ɗaga waya. Wata mata ta roƙe shi ya ɗan matsa hagu don hoto. Ya matsa.

Ya shafa bayan igwa ta ɗaya da tafin hannu, kamar kullum. Man da ya sa jiya yana nan.

“Leli, yau na wa?”

Leli ya leƙa cikin akwatin, yana dafe da tasa hular don iska. “Kore, Samanja.”

“Daina ce mini Samanja.”

“To me zan ce?”

Wistin ya dubi agogo. Saura daƙiƙa goma.

“Ɗura kawai,” ya ce.