Gaɗa a Saman Bene

Hotunan Nora ne suka tono wa Rekiya abin da ta daɗe tana dannewa. Nora 'yar ƙasar Ayilan ce, tare suke aikin jinya a wani asibiti a Riyad. Ran nan a ɗakin shan shayi ta baje hotunan da yayanta ya aiko daga Amurka: titi ya cika maƙil da mutane cikin korayen kaya, 'yan mata ƙanana sun jeru suna rawar ƙasarsu. Ta ce kakannin kakannin yaran ne suka baro Ayilan, amma duk shekara sai iyaye sun fito da su.

Rekiya ta yi murmushin yaƙe. Ita da ta baro Gusau 'yan shekarun nan, 'yarta Zaituna in an yi mata Hausa sai ta mayar da Larabci. Ga Inna, mahaifiyar Rekiya, kwance ba lafiya. A kaset ɗin da ta aiko na ƙarshe muryarta har rawa take yi: "Ki sa ƙawar nan tawa ta yi mini waƙar gaɗa, ko baiti ɗaya, in ji kafin a kira ni."

Malam Dawuda direba zai tafi gida ran Juma'a, shi zai kai saƙon. Saboda haka ran Alhamis bayan la'asar Rekiya ta tara matan Hausawan unguwar Ulaisha da 'ya'yansu a saman benen gidan da take haya, inda doguwar katanga ta kare su daga idon maƙwabta. Aka cire abaya, atamfofi suka bayyana, ƙamshin waina ya tashi. Sailuba, ɗaya daga cikin matan, ta ja kunnen kowa a rage ƙarfin tafi saboda mai gidan yana ƙasa. Rekiya ta ajiye rakoda a kan kujera, ta danna jan maɓalli.

Manya suka fara nunawa. Indo ta shiga tsakiya, ta juya baya, ta sake jiki ta faɗo, hannuwa suka cafe ta suka cilla ta sama.

"Indo, shinkafar Larabawa ta karɓe ki," in ji Sailuba. "Saura kaɗan ki ɓalla mini ƙugu."

Aka yi ta dariya. Rekiya ta ji kamar a ƙofar gidansu take, har idonta ya ciko.

Sai aka jera yara. Tun farkon mako Rekiya take lallashin Zaituna har ta haddace baitin, an kuma shirya da zarar an ɗago ta za ta rera. Aka koya wa sauran tafi, aka nanata musu kada su tsaya. Ba wadda ta tuna ta ce su tare ta. Wa aka taɓa koya wa wannan? A gida yarinya tun tana goye a baya take gani.

Zaituna ta dubi uwarta, Rekiya ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta rufe ido, ta sake jiki gaba ɗaya kamar yadda Indo ta yi. Yaran suka dare gefe, suna ta tafi yadda aka umarce su. Ƙeyarta ta daki siminti.

"Yumma!"

Haka yaran Riyad ke kiran uwa.

Raunin bai yi zurfi ba, Rekiya da kanta ta wanke ta ɗaure. Taro ya watse, waina ta huce a faranti. Zaituna ba ta yi rigima ba. Cikin Larabci, a hankali, ta ce ta rufe ido ne don an ce mata za a riƙe ta. Baitin kuwa ta ce kalas, wato shi ke nan, ba za ta rera ba. Rekiya ta roƙa har ta gaji.

Da safe ta saurari kaset ɗin. Muryoyin manya ne duka, da dariya, da tafi, sai ƙarar faɗuwa. Kalma ɗaya ce tak ta 'yarta a ciki, ita ma ba ta Hausa ba.

Dawuda ya yi hon a ƙasa. Rekiya ta mayar da zaren baya, ta danna jan maɓallin, ta siranta muryarta kamar ta yarinya, ta rera baitin a kan ƙarar faɗuwar, hawaye na sauka a kan rakodar. Ta sani sarai Inna za ta gane muryar, don ita ta koya mata waƙar. Duk da haka ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali, ta yafa abaya, ta sauka.