Shirun Malama Kuwabara

Malama Kuwabara ta yi furfura tana koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren wani garin masunta a lardin Shimane na ƙasar Japan. A nahawu ba mai kama ƙafarta. Amma ranar da hukumar ilimi ta turo mata mataimaki, wani zanƙalelen Bature ɗan Sukotilan mai suna Fagas, ya buɗe baki ya gaishe ta, sai ta ji kamar mutum na kurkure baki da tsakuwa. Ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.

Ta faɗa masa kuwa, ina. Malamar Turanci ta ce ba ta jin Turanci, a tsakiyar ofishin malamai? Don haka duk sanda ya yi mata magana sai ta rusuna, ta zuƙi iska ta haƙora, ta zuba wa taga ido har ya gaji ya tafi.

Ashe Fagas yana da shafi a intanet. Yana cikin Turawan nan da kan kwana biyu a ƙasar, su ci ɗanyen kifi sau ɗaya, shi ke nan sun zama masu tafsirin zuciyar Japanawa. Malama ba ta san da shafin ba sai da shugaban makaranta, Malam Ishimaru, ya kira ta ofishinsa, bakinsa har kunne.

"Malama, ashe waliyyiya muke zaune da ita ba mu sani ba," in ji shi, yana juyo mata kwamfuta. "Fagas ya rubuta cewa ya tambaye ki ma'anar ilimi, kika nuna masa teku da ido."

"Ranka ya daɗe, motata nake dubawa. A nan nake ajiye ta."

"To, kada ki sake faɗin haka. Ya ce shinkafa da tsamin ɗan itace kaɗai kike ci, don gudun duniya."

"Likita ne ya hana ni maiƙo."

"Wannan ma ki bar shi a cikinki. Rabon da a ambaci makarantar nan tun da guguwa ta yaye mana rufi."

Ta koma gida ta karanta da kanta, tunda a rubuce Turancinsa garau yake. Sauran masu shafukan har sun kaure da faɗa a kanta. Wani a Osaka ya ce shi ya fara gano shirun Japanawa, Fagas kwafa ya yi. Wata a Kiyoto ta ce ai shirun ƙauye ba shiru ba ne, na gaskiyar yana unguwarsu. Babu wanda ya taɓa ganinta, amma kowa ya san abin da ke ranta.

Malam Ishimaru ya shirya darasin baje koli, ya gayyaci masu shafukan. Suka zo da kyamarori, suka cusa manyan ƙafafunsu cikin silifan baƙi, dugadugai na jan ƙasa, suka jeru a bayan aji suna jiran hikima.

Malama ta dube su, ta ji abin ya ishe ta. Ta ɗauki alli ta koyar yadda ta saba. Ta sa yara maimaita jimla har muryoyinsu suka dushe, ta ƙwace madubi a hannun wata, ta yi wa wani mai gyangyaɗi tatas. Baƙi suka fara sauke kyamarori ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi, ta tare Fagas a baranda. Ta yi masa magana da Turancinta na littafi.

"Malam Fagas, tun da ka zo ban taɓa gane abin da kake faɗa ba. Don Allah ka riƙa yi a hankali."

Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce, kalma bayan kalma, kamar mai lallashin jariri:

"Ni ma... ban tambaye ki ma'anar ilimi ba. Cewa na yi, wace rana ake kwashe shara."

"Shara?"

"Na fitar, maƙwabciyata ta dawo mini da ita bakin ƙofa. Yanzu a baho nake tarawa."

A makon nan masu shafuka suka haɗu a kan magana ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba: yin suna ya lalata Malama Kuwabara, kuma tsohuwar Japan ta mutu. Malam Ishimaru ya daina amsa gaisuwarta da fara'a.

Ranar Asabar ta sa safar hannu ta je gidan Fagas, ta tsaya a kansa yana ware gwangwani daban, kwalba daban, yadda dokar sharar garin ta tanada. Maƙwabciyar tana leƙe ta bayan labule, Malama ta rusuna mata ta ba ta haƙuri a madadin makaranta.