Wanda Ya Hau Tanki

Da, a ƙarshen layinmu akwai tankin ruwa mai ƙafafun ƙarfe, tsayinsa ya fi bene. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ƙwallonmu ta maƙale a samansa, ita ce kaɗai ƙwallon fata a unguwar. Ni na hau. Tsatsa ta cinye rabin tsanin, haka na lallaɓa na jefo ta, na sauko da tafin hannu a tsage. Wata guda ana nuna ni da yatsa.

Yanzu shagunan waya ne a wurin. Maƙwabta sun sayar da gidajensu sun tashi, waɗanda suka shigo ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Ranar Asabar Mai Gilashi ya kawo amaryarsa ta gaida Inna. Benci ɗaya muke zama da shi kafin in bar makaranta. Shi ya ƙarasa, ya samu ofis mai sanyi. Ni kuwa na yi gareji, na yi shagon caji, na yi lodin kaya, babu inda na cika shekara. Inna ta fito masa da kofunan da ba ta bari mu taɓa, tana ta “ɗana, ɗana”. Na haɗiye wannan.

Sai na ji yana ce wa amaryar, “Can inda muka ajiye mota akwai tanki da. Ni na taɓa hawa na ɗauko ƙwallo.”

Na ce, “Kai wa?”

“Ni mana. Ka manta ne, Sarkin Yawo?”

“Kai da ka riƙe mini takalmi kana kuka da majina?”

Inna ta ce, “Kai, ba ka ga da baƙuwa ba?”

“Inna, ke fa kika ɗaure mini hannun!”

“Ciwonka nawa na ɗaure? Wanne zan tuna?”

Mota tasa, ofis nasa, mata tasa. Tankin ma sai ya haɗa? Na lissafa waɗanda suka gani da idonsu, duk sun tashi, saura Baba Tela da ya ƙi sayar da shagonsa. Na ce mu je. Amaryar tana dariya ta ce ita ma sai ta ji.

Muka tarar da shi yana fama da zare da allura. Na tambaye shi ko gaisawa ba mu gama ba.

Bai ɗago ba ya ce, “Kai ne mana. Wa ke da wannan rashin hankalin in ba kai ba?”

Na juya ina kallon amaryar, ƙirjina a buɗe. Amma Baba Tela ya riga ya gane Mai Gilashi. Ya miƙe da kyar, ya kakkaɓe ƙyallaye daga kan kujera ɗaya tilo ta shagon.

“Ikon Allah! Yaron nan ne ya zama haka? Zauna, zauna. Ina da jika ya gama karatu, ko za ka duba mana takardunsa?”

Amaryar ta durƙusa tana gaishe shi. Na sake cewa, “Kun dai ji, ni ne.”

Baba Tela ya ce, “Mun ji. Matsa daga ƙofa, ka tare mana haske.”