Ragowar Likkafanin Haula

"Ba ni zuwa," in ji Inna Safi. "Ku nemi wata ta wanke ta."

Tana zaune bisa tabarma tana ɓarar gujiya, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa, alli bai ma fita daga yatsuna ba, don daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, aka kira ni. Maƙwabciyata Haula ce ta rasu a likita, wato asibiti, da hantsi, an kawo ta gida, maza na jiran a yi mata sutura kafin azahar. Inna Safi ce ke wankan gawar mata a unguwarmu tun kafin aiki ya kawo ni Dakoro.

"Inna, ki yi wa Allah."

"Madam Rahma, kin san abin da ta yi mini."

Na sani. Haula labaran ban tsoro take rubutawa a salula, tana tura wa matan gari. Suna karantawa suna a'uziyya, gobe su tambayi ci gaba. Bara ta yi ta kai wa Inna Safi goro tana tambaya: ina ake sa turare, wa ke yanka ƙyalle, ina ake kai ragowar. Tsohuwa ta zaci lada take nema, ta faɗa mata komai. Sai ga labari ya fito na wata mai wanka da ke yanke gefen likkafani tana kai wa boka. Babu suna, babu gari. Amma matar tana ɗingishi da ƙafar hagu, kamar Inna Safi.

"Tun ran nan, duk gidan da na shiga idanu na bisa hannuna," in ji ta. "Gidan Sallau har buɗe gawa suka yi bayan na fita, suna duba ƙyalle. Yau in na taɓa wagga, cewa za a yi ni na ci ta."

"Ciwon zuciya ne, Inna. Likita ya faɗi."

"Ke kika ji likita. Su mi suka ji?"

Na durƙusa gefen tabarmar. Na ce mata shekaranjiya na je duba Haula, ƙafafunta sun kumbura, magana ɗaya sai ta huta. Ta ce mini tafiyar Inna kawai ta ara, don matar labarin ta zama mutum. Ta ce in ta mutu, Inna take so ta wanke ta.

"Ta faɗi, ko ke kika haɗa? Ku 'yan lakwal kun iya jera zance."

"Ta faɗi."

Sai ta ture kwanon gujiya, ta dafa bango ta miƙe.

"Tare za mu shiga. Ke za ki riƙe almakashi."

Da muka isa, matan da ke ƙarƙashin rumfa suka yi tsit. Inna Safi ta tsaya bakin ɗaki, ta cire mayafinta ta kakkaɓe, ta buɗe musu tafin hannuwanta biyu.

"Ku duba yanzu. Kada ku bari sai na tafi."

Muka shiga ɗakin.

A ciki ta zama wata daban. Ta tsefe kitson Haula a hankali, ta taɓa ruwan da bayan hannu ta ji ko ya yi sanyi, ta ce in ƙara na zafi. Da ta zo kan fuska, sai ta tsaya.

"Ɗiyar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "da kin tambaye ni, da na ba ki labarin da ya fi wancan ban tsoro."

Ni na yanka ƙyallen inda ta nuna. Ya yi saura kamar faɗin tafi, ta ƙi taɓa shi.

"Fita da shi gaban mutane."

Na ɗora shi bisa turmin da ke kife a tsakar gida. Maza suka shigo da makara suka ɗauki Haula. Inna Safi ta wanke hannu, ta ratsa ta tsakiyar mata da ɗingishinta, hannuwanta a buɗe nesa da jikinta.

Har aka kira la'asar ƙyallen na bisa turmi, iska na ɗaga gefensa.