Wanda Ya Riƙe Eriya

Tela yana tsakiyar tsani, sifana a haƙoransa, matarsa ta leƙo ta tagar hawa na biyu ta ƙwala masa kira.

"Baban Auta, saura minti ashirin fa!"

Ba bakin amsawa, sai ya ci gaba da hawa. Mutumin da ko kujera ba ya takawa don sauya ƙwan lantarki, yau ga shi yana rarrafe a kan rufin bene mai hawa uku. Da ƙarfe huɗu autarsa za ta karanta labarai a talabijin, karo na farko a rayuwarta. Tun safe murna ta hana shi zama a kan keken ɗinki, ya sanar da duk wanda ya gifta ƙofar shagonsa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Matsalar eriya ce. Gidan haya ne mai sassa goma sha biyu, kuma eriya ɗaya tal kowa ya ja waya daga jikinta. Kamfanoni biyu ne ke watso tashoshi, ɗaya hasumiyarsa tana gabas, ɗayan tana yamma, kowanne yana kurin ya fi wancan. Tashar da ta ɗauki Auta aiki ta gabas take zuwa. Eriyar kuwa shekara biyu kenan da ta juya wa gabas baya, tun ranar da Koci, tsohon direban da ke hawa na uku, ya karkata ta wajen masu nuna ƙwallo ya ɗaure tamau.

Tela ya kama notin da ya yi tsatsa yana murɗawa, sai ga kan Koci ya ɓullo a saman tsani, yana haki.

"Malam Tela, lafiya? Ka san kuwa yau akwai wasa?"

"Na sani, Koci. Minti goma sha biyar kawai nake roƙo. Auta ce za ta fito."

"Wace Auta? Tamu? Wadda nake kaiwa makaranta tana kuka a bayan mota?" Koci ya buga tsanin da tafin hannu har ya kusa faɗowa. "Kai, juya abin nan! Ƙwallo ta ci gidansu!"

Zumuɗi ya sa Tela ya zarce da murɗa. Notin ya fita gaba ɗaya, ya gangara a kan rufi yana ƙara, ya shige bututun ruwa. Suka bi shi da kallo. Sandar eriyar ta soma lilo a iska, dole Tela ya rungume ta da hannu biyu.

Koci ya zama ɗan saƙo, yana ihu ƙasa kowa ya sake neman tashoshi a akwatinsa, yana ihu sama Tela ya juya.

"Dama kaɗan! A'a, ka wuce! Dawo!"

Talabijin ɗin yanzu ba irin na da ba ne da za ka haƙura ka kalla da yayyafi. Ko ya kawo tar, ko fuskar mutum ta daskare ta farfashe gida-gida. Tela ya dinga juyawa a hankali kamar mai zura zare a allura, har aka ji matarsa ta saki ƙara daga ƙasa.

"Ya kawo! Tsaya haka! Kada ka motsa!"

Saura minti biyu. Koci ya hauro da gwiwarsa mai ciwo ya ce, "Ba ni nan, sauka ka ga 'yarka."

Tela ya sassauta hannu ɗaya. Nan take gidan ya kaure da salati.

"Ya ɗauke! Wayyo, wa ya taɓa?"

Da ƙyar ya lalubo wurin, hoton ya dawo. Ya dubi tsanin. Ransa yana so ƙwarai, ya yi wata guda yana mafarkin wannan zaman a gaban talabijin. Amma ya san kafin Koci ya gano daidai inda ake tsayawa, za a gama kanun labarai.

"Sauka kai, Koci. Je ka gani, ka ba ni labari."

Shi kaɗai ya rage a kan rufin, rana tana dukan ƙeyarsa. Aka buga kiɗan labarai. Sai ya ji muryarta, tsaf, babu rawa ko kaɗan, tana fitowa ta tagogin gidan gaba ɗaya lokaci guda. Sama da ƙasa aka ɗauki tafi da sowa.

"Baban Auta!" matarsa ta kira. "Rigar da ka ɗinka mata ce a jikinta!"

"Kafaɗar ta zauna?" ya tambaya da ƙarfi.

"Ta zauna ɗas!"

Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu. Ya bar su, don hannuwansa biyu duk suna kan sandar.