Awa Ɗaya da Minti Sittin da Biyar

Malama tana cikin juya hannun agogon kwali a gaban 'yan aji huɗu sai hankalinta ya sake sulalewa ta taga. Bakinta yana cewa minti sittin ne awa ɗaya, ita kuwa tana can cikin wani babban zaure mai kujeru hawa-hawa, a zaune, wani yana koya mata. Shekara da shekaru take wannan mafarkin ido biyu. Jiya kuma hedimasta ya kira ta ya ce kwalejin malamai ta ba makarantarsu gurbi ɗaya na karatun yamma, ita ce ta fara faɗo masa a rai, amma yana son amsa kafin a tashi yau. Irin wannan gurbi, in ji shi, ba ya zuwa sau biyu.

Ƙarar faɗuwar rula ce ta dawo da ita. Ta ce kowa ya zaɓi abu biyu da ake yi a gidansu, ya lissafa tsawon lokacin da ke tsakani. Nan fa asirin gidaje ya tonu. Wani ya auna faɗan babansa daga farko zuwa ƙarshe, wata ta auna daɗewar yayarta a banɗaki, ta kuma rantse ta rage mata. Aji ya kaure da dariya. Fanka tana juyawa a kasalance, garin alli yana yawo cikin hasken da ya shigo ta taga, Malama tana bin layi-layi da jan biro, rabin zuciyarta har yanzu a wancan zauren.

A bencin gaba Ɗigo take zaune, 'yar Malama tilo, wadda ƙanƙantarta ta jawo mata sunan. A gida Umma take ce mata, a aji kuwa ko da wasa ba ta kuskurewa. Ita ce ta fi kowa ɗaga hannu, har tana tashi daga kan benci, don haka aka ba ta alli.

Ta yi ɗage ta rubuta takwas da minti goma a sama, lokacin barcinta. A ƙasa ta sa shida da minti arba'in da biyar, lokacin da Ummanta ke shigowa gida daga lesin ɗin da take yi wa 'ya'yan mutane. Ba a cire arba'in da biyar daga goma, sai ta yi abin da duk ɗan aji huɗu ke yi: ta ari ɗaya daga takwas, ta maƙala shi a gaban goma ya zama ɗari da goma. Amsa ta fito awa ɗaya da minti sittin da biyar. Ta juyo tana washe giɓinta.

"Malama, ya ma wuce awa biyu ke nan."

Malama ta so ƙwarai ta bar mata shi haka. Amma ido talatin da wani abu suna kallo, kuma rabinsu kuskuren da suka yi ke nan. Ta ɗauki agogon kwalin ta nuna cewa awar da aka aro sittin take kawowa, ba ɗari ba. Suka ƙirga tare daga bakwai saura kwata zuwa bakwai, daga nan zuwa takwas, sannan 'yar gomar da ta rage. Awa ɗaya da minti ashirin da biyar. Ɗigo ta daɗe tana kallon allon, sannan ta koma mazauninta. Tausayinta ya kama Malama har ta rasa inda ta tsaya a darasin.

Da aka buga ƙararrawar tashi aji ya watse, ya rage Ɗigo tana jiran goggonta mai kai ta gida. Malama ta tsaya gaban allo kamar mai tafiya cikin barci. Ta goge shida da arba'in da biyar, ta rubuta tara, lokacin da motar ƙarshe daga kwalejin za ta riƙa sauke ta. Ba ta san yarinyar ta zo kusa da ita ba.

"Wannan ba ya ciruwa. Na ƙasa ya fi na sama."

Malama ta yi mata bayani a hankali, karatu ne, na 'yan shekaru ne kawai. Ɗigo ta saurara har ƙarshe. Sannan ta jawo kujera ta hau, ta sa yatsa ta goge takwas ɗin barcinta, ta rubuta goma.

"Yanzu ya ciru, Umma. Zan riƙa jiranki."

Wannan yarinya da ko kwanon abincin dare ba ta gamawa sai kanta ya fara rinjaya. Daidai nan hedimasta ya leƙo da makullan ofis a hannu, ya tambaya ko an yanke shawara.

Malama ta sauke Ɗigo daga kan kujera, ta share mata allin da ke yatsanta da gefen mayafi.

"Ranka ya daɗe, a ba malamin aji biyar," ta ce. "Shi ma ya daɗe yana so."